Mabuɗin Shafin Fagaloto

A gidan surukanta da ke Logan, kudu da Brisbane a Ostareliya, Akenese ba ta da kujera. Ba don kujeru sun yi kaɗan ba. Ita nofotane ce, matar da aure ya kawo cikin dangi, kuma mazaunin irinta ɗakin girki ne. Ta fere gwaza, ta matse madarar kwakwa, ta kai wa manya ruwan wanke hannu, ta ci abin da suka rage. Da rana tana aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori, inda ake gaishe ta kafin a zauna. Da yamma ta dawo, ta ɗaura zani, ta koma bakin tukunya.

Abu ɗaya ne nata: shafin 'yan Fagaloto.

Fagaloto ƙauyen mijinta ne a tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa, kuma 'ya'yansa sun watsu daga Brisbane zuwa Sydney, Auckland, har Alaska. Akenese ta buɗe musu shafin a dandalin sada zumunta tun tana amarya, don a daina bin mutane da waya ɗaya bayan ɗaya idan an yi rasuwa. Shafin ya girma. Haihuwa, aure, naɗin sarauta, gudunmawar rufin coci, duk a nan ake jinsu. Ta tsara shi yadda ba ya buɗewa sai ga 'yan ƙauyen da surukansu, kuma babu abin da zai fito sai ta duba ta sake shi. Abin da hankalinta bai kwanta da shi ba, ta riƙe. Da haka wata tambaya ta zauna a bakin mutane: "Akenese ta sake shi?" In an ce ta sake, sai a tura gudunmawa ba tare da tambaya ta biyu ba.

Mahaifiyarta Malaea tana can wani ƙauye a tsibirin Upolu, tana bin shafin safe da yamma a wayar da 'yarta ta aika mata. A zauren da mata ke saƙar tabarma takan ce 'yarta ce ke riƙe da intanet ɗin Ostareliya. Ba wanda ya taɓa gyara mata.

Wannan yardar ita ce dukiyar Akenese, kuma ita ce ta tsone wa Fialupe ido.

Fialupe yayar mijinta Uelese ce, babbar 'yar gida. 'Yar'uwa ƙwayar idon ɗan'uwanta ce, haka aka ce tun kakanni; ba a musa mata, ba a ɗaga mata murya. Gab da Kirsimeti ta rubuta sanarwar wani kamfani mai sayar da tikitin jirgi zuwa Apia, babban birnin Samoa, a rabin kuɗi. Sanarwar ba ta fito ba.

"Suga, zo nan," in ji Fialupe daga falo. Haka take kiranta, yarinya, ko da yake Akenese ta haura arba'in. "Ina sanarwata?"

Akenese ta durƙusa a bakin ƙofa. "Yaya, na duba. Babu kamfanin. Adireshin nasu sabo ne fil, lambar wayarsu kuma ba ta shiga."

"Ku ji min ikon Allah. Ni Fialupe in yi magana a shafin ƙauyen ubana, sai na jira izinin wadda aka kawo daga Upolu da akwati ɗaya? Uelese, kana ji kuwa? Ko kunnen naka ma ta riƙe, ba ta sake ba?"

Uelese yana tuƙa motar loda kaya a wani sito, mutum ne mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Ya ƙara wa talabijin murya.

Ranar Lahadi bayan abincin rana, Lemoa ya yanke hukunci. Shi ne matai, shugaban dangin a Brisbane, ƙanen mahaifin Uelese. Ya ce daga yau mabuɗin shafi biyu ne, kuma abin da 'yar gida ta rubuta ya fita kai tsaye. Akenese ta ji hukuncin tana kwashe kwanuka. Kafin mako ya zagayo Fialupe ta buɗe shafin ga duniya duka, don a ga yawan Fagaloto.

Bayan sabuwar shekara Goggo Leutu ta rasu a ƙauye. Ungozoma ce, rabin waɗanda ke shafin a hannunta suka faɗo. Tikiti ya yi tsada, sai dangi suka tura wakilai da tabarmin girma da katan-katan na naman gwangwani, sauran suka ce za su kalli jana'iza daga garejin gida kamar yadda aka saba. Shafin ya cika da hotunanta, da sunayen 'ya'ya da jikoki, da sunan coci, da ranar binnewa. Duk wanda ke da waya a duniya yana iya karantawa.

Sai wani sabon shafi ya ɓullo. Ga Goggo Leutu cikin farar riga da farar malafar coci, ga kyandir, ga kurciya. A ƙasa an rubuta da harshen Samoa mai kyau, wanda aka kwafo daga sanarwarsu kalma da kalma, cewa za a nuna jana'izar kai-tsaye, a latsa nan.

Fialupe ta saka shi a shafin Fagaloto a gaban matan da ke jera tabarmi a gareji. Kowa ya gani, don sai da ta ɗaga wayar sama.

"Kun ga 'yan gida sun waye, sun ɗauko ƙwararru. Ba wayar Sefo mai rawa kamar ɗan maraƙi ba."

Akenese tana tsaye da butar shayi. Ta leƙa. "Yaya, wa ya buɗe wannan? Bari in kira gida in ji."

"Ke dai kira. Shayin ma ya huce."

Ta kira Sefo, ɗan'uwan da ke riƙe wayar a duk jana'izar ƙauye. Bai ɗauka ba; mazan ƙauye suna daji wajen aladu da itace. Ta kira wakilan, wayoyinsu a kashe. Ta dubi adireshin, ta ga wutsiyarsa ta wata ƙasa ce da ba ta taɓa ji ba. Mabuɗi na hannunta har yanzu. Latsawa ɗaya, sanarwar ta ɓace. Ta tsaya a bayan gida kusa da igiyar shanya, yatsanta a kan wurin gogewa, tana tunanin abin da zai biyo baya idan nofotane ta goge maganar 'yar gida a kan jana'izar goggonta, a makon makoki. Ba ta goge ba. Ta rubuta a ƙasa: kallon jana'iza kyauta ne, kada kowa ya saka lambobin katinsa.

Kafin ta koma ɗakin girki Fialupe ta goge gargaɗin.

Ranar jana'iza aka cika gareji tun da sassafe, kowa cikin farare. Aka ajiye wa Fasto da matarsa kujerun gaba, Lemoa a gefensu. Aka haɗa waya da babban talabijin. Hoton Goggo Leutu ya cika allo, waƙar yabo tana tashi a hankali, mata suka fara share ido. Sai rubutu ya fito: don tabbatar da cewa mai kallo babba ne, a saka lambobin katin banki, ba za a cire komai ba.

Fialupe ta saka nata. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a allo, sannan aka ce katin bai shiga ba, a gwada wani.

"Bankin nan nawa, kullum sai sun kunyata ni. Uelese, kawo naka."

Na Uelese ma bai shiga ba.

A jana'izar Samoa ba a son a ga hannun mutum a aljihu. Bayarwa ita ce mutunci, kuma ana shelanta sunan mai bayarwa da ƙarfi don kowa ya ji. Nan take jakunkuna suka buɗe. Wani dattijo mai barkwanci ya miƙe yana jan murya kamar mai shelar kyauta: "Ga katin gidan Tumua! Ga katin gwauruwar Iakopo, Allah ya ƙara buɗi!" Aka yi dariya cikin hawaye. Kati na bin kati.

Akenese ta ajiye farantin fanke, ta zo bakin ƙofar gareji. "Don Allah ku tsaya. 'Yan damfara ne. Babu jana'iza a ciki."

Lemoa bai juyo ba. "Ana makoki, wa ke ɗaga murya a bayana?"

"Baffa, lambobin suke kwashewa."

"Uelese, matarka."

Uelese ya zo ya kama gwiwar hannunta, ba da ƙarfi ba, ya mayar da ita ɗakin girki, ya ja ƙofa. Ta cikin ƙofar ta ji Fasto yana cewa wataƙila katin ma'aikata suke so, ba na mutum ɗaya ba, bari a gwada na coci. A nan kuɗin rufi suke.

Da'irar ta ci gaba da juyawa. Lokacin da Sefo ya ga kiran da aka yi masa ya bugo ta bidiyo, rana ta yi sama a Fagaloto. Abin da suka gani a allon shi ne maza riƙe da shebur suna shafe siminti a kan kabari a ƙofar gidan Goggo Leutu, da wani kare yana wucewa.

"Wane ƙwararru?" in ji Sefo. "Ni nake riƙe da waya tun safe, ba wanda ya shigo. Na ɗauka kun yi fushi ne."

Kafin a kwashe kujeru wayoyi suka fara ƙara. Bankuna ne. Daga nan sai 'yan Sydney, sai 'yan Auckland, kowa da labari iri ɗaya.

Akenese ce ta zauna ta kira bankuna, gida-gida, don yawancin tsofaffin ba sa son Turancin waya. Wasu an tare musu, wasu an riga an kwashe. Na coci an kwashe. Ta kai ƙarar shafin ga kamfanin dandalin. Amsa ta dawo nan take, ba daga mutum ba, cewa an duba ba a ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba. Ta kira ofishin gwamnati mai karɓar ƙorafin damfara. Wata mata mai ladabi ta rubuta komai, ta yi mata jaje, ta ce za su nemi a rufe adireshin, amma ba a ƙasar nan yake ba, kuma masu irin wannan aiki in an rufe ɗaya sun buɗe goma.

Lemoa ya kira taro a falo. Wannan karon aka ce Akenese ta shigo. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta lanƙwashe ƙafa, ta rufe gwiwa da zani.

"An ci mutuncin Fasto a ƙarƙashin rufinmu," in ji Lemoa. "An hana Fagaloto ganin uwarta. Dole a je a sami mai abin. Ke da kika sani, wane ne matai ɗin intanet?"

"Baffa, ba shi da matai guda."

"Ban ji ba."

"Masu raba sunayen adireshi suna wata ƙasa. Na'urar da aka ajiye shafin a kanta tana wata. Kamfanin dandalin yana wata. Hukumar nan ba ta da iko sai a kan abin da ke nan. Kowa ɗan yankinsa yake riƙe da shi."

Lemoa ya yi murmushi ya dubi sauran. "Kun ji boko. Yarinya, ko kwakwar da ta faɗo a bakin hanya tana da mai ita. Babu taƙin ƙasa daga bakin teku zuwa kan dutse da ba shi da wanda zai amsa sunansa. Wa ya buɗe shafin Fagaloto?"

"Ni ce, Baffa."

"In abu ya fito, sunan wa mutane ke tambaya?"

"Nawa."

"To ai mun sami matai."

Babu wanda ke falon da bai san hannun da ya saka sanarwar ba. Rabin matan suna gareji ranar. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma ba wanda ya dubi inda Fialupe take. Ita kuwa ta san tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Ta fashe da kuka mai ƙarfi, tana dukan cinya.

"In ta san ƙarya ne, me ya hana ta gogewa? Mabuɗi na hannunta! Da na saka ta jirgi, ai riƙewa ta yi. Wannan kuwa ta bari, ta naɗe hannu, don a yi min dariya. Ku tambaye ta! Suga, kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na yi zato, Yaya. Na rubuta gargaɗi."

"Ina yake?"

Faɗin inda gargaɗin ya tafi daidai yake da nuna 'yar gida da yatsa a gaban matai.

"Kun gani," in ji Fialupe, tana fyace hanci.

Aka yanke cewa dangi za su je ban haƙuri gidan Fasto yadda ake yi a gida in laifi ya yi girma: mai laifi ya durƙusa a ƙofar wanda aka ɓata wa, a lulluɓe shi da tabarmar girma, ya zauna har sai an fito an yaye. A Samoa sau da yawa matai ne ke shiga ƙarƙashin tabarmar a madadin danginsa. Lemoa ya ce likita ya hana shi lanƙwasa gwiwa.

Da la'asar Akenese ta sami Uelese yana wanke mota.

"Ka san wa ya saka."

"Na sani."

"To?"

Ya matse soso. "Yayata ce, Nese. So kike in sa yayata a ƙarƙashin tabarma? Da wane ido zan koma Fagaloto? Ke safiya ɗaya ce, ta wuce. Kowa ya san gaskiya a cikinsa."

"A cikinsa."

"Ki yi min wannan."

Ta daɗe tana kallon kumfa tana gangarewa cikin magudana. "Abu ɗaya. Kada a ɗauka a waya. Inna tana kallon shafin."

"Ba wanda zai ɗauka. Na yi miki alkawari."

Asabar da safe suka je. Lokacin zafi ne, ciyawar ƙofar gidan Fasto ta bushe tana suka. Akenese ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, mata biyu suka baza tabarmar a kanta. Tana da laushi kamar yadi, tana warin kafur da tsohon akwati. Dangi suka zauna a bayanta, a inuwar motoci. Ta tsakanin saƙar tana ganin duniya gutsi-gutsi: ƙafar wani Bature da ya tsaya da karensa, tayar keke, labulen tagar Fasto yana motsi. Gumi ya bi ta cikin idonta. Tururuwa suka sami ƙaurinta. Daga cikin gidan ana jin ƙarar cokali a kofi. Fasto yana karyawa, kuma ba mai gaggawa ba ne.

Sai da inuwar motocin ta janye, dangi suka fara fifita da hannu, sannan ya fito. Ya yaye tabarmar. Ya yi magana mai tsawo a kan ɗan da ya ɓata ya dawo. Lemoa ya mayar da jawabi mai tsawo irinsa, ya ce dangi sun kawo kansu, kuma wadda ta jawo za ta faɗa da bakinta.

An riga an gaya mata abin da za ta ce.

"Ni Akenese, ni ce mai riƙe da shafin. Sakacina ne ya jawo. Ina roƙon gafarar Fasto da Fagaloto. Zan mayar wa kowa da abinsa, ko zai ɗauke ni shekaru."

Ta ɗaga kai. Wayar Fialupe tana saitin fuskarta.

"Don 'yan Auckland," in ji Fialupe. "Su ma an cuce su, ai sai su ji."

Akenese ta nemi idon Uelese. Yana naɗe tabarmar, a hankali, gefe da gefe, kamar aikin da ke buƙatar dukan hankalinsa.

A mota aka ce ta miƙa mabuɗi. Ta cire sunanta daga masu kula da shafin da ta buɗe, Fialupe na kallon yatsanta. Da suka isa gida hoton bidiyon ya riga ya hau shafin. Ta goge dandalin daga wayarta baki ɗaya. Mahaifiyarta ta kira a ranar, ta sake kira washegari, da ranar da ta biyo baya. Akenese takan kalli sunan yana haske har ya mutu. Ba ta san da wace murya za ta amsa ba. Ta ce sai ta huce.

Ta ƙara aikin Asabar a asibiti. A coci aka daina matsa mata wuri a benci.

An yi kwanaki a haka kafin wata mata 'yar Fagaloto ta zo cire haƙori. Ta miƙa takardarta, ta dubi Akenese sama da ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari, matar Uelese. Yanzu kuma bara aka koma?"

"Ban gane ba, Anti."

"Ba ki gane ba." Ta juyo wayarta.

Sabon shafi ne, da sunan Akenese, da fuskarta jiƙe da gumi, tabarma a kafaɗarta. An yanko maganarta daidai inda take cewa zan mayar wa kowa da abinsa. A ƙasa an rubuta cewa wanda ya yi asara ya saka bayanan bankinsa a mayar masa, mai tausayi kuma ya taimaka mata ta fita kunya, ga lambar da za a tura. Fialupe ta saka shi a shafin Fagaloto tun farkon mako, da rubutu a sama: ga shi ta fara biya.

Akenese ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata tebur. A cikin bas ta mayar da dandalin a wayarta, ta kai ƙara cewa an saci fuskarta. Amsa ta dawo kafin bas ya kai tasha ta gaba: an duba, ba a ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba. Ta gwada rubutu a shafin Fagaloto, aka ce sai mai kula ya amince. Ta kira Uelese, amma wayarsa tana cikin akwatinsa a wurin aiki.

Ta tarar da Fialupe a falo da ƙawayenta, suna karta. Ta durƙusa a bakin ƙofa da kayan aikinta.

"Yaya, ki goge wancan. Ba ni ba ce. Su ne suka dawo."

Fialupe ba ta ɗaga ido daga kartar ba. "Ba ke ba ce? Fuskar wa ce, ta kakata? Muryar wa?"

"Daga hoton da kika saka suka yanka."

"Au, ni ce kuma. Kun ji ko? Kullum ni ce. Suga, kin yi alkawari a gaban bawan Allah, yanzu da biya ya zo sai ki ce aljanu ne. Ba na gogewa. A bar shi, shaida ce."

"Mutane za su saka lambobinsu."

Ɗaya daga ƙawayen ta yi dariya har ta ajiye kartarta. "Wa? Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Yanzu ko Littafi Mai Tsarki kika riƙo, ba mai ba ki lambar takalminsa."

Gaskiya ta faɗa. Akenese ta koma ɗakin girki, ta jingina da firji, ta bi abin da aka rubuta a ƙarƙashin sanarwar. Zagi ne da ba'a, jere. Ɓarauniya ta dawo. A tambaye ta kuɗin rufi. Wani ya saka hoton tabarma da fuskar dariya. Daga Alaska har Auckland babu ɗan Fagaloto ɗaya da ya latsa. Wannan karon 'yan damfarar sun jefa ƙugiya a busasshen tafki.

Can ƙasa ta ga wani rubutu, babu manyan baƙaƙe, babu aya, irin na wadda ke rubutu da yatsa ɗaya. Ya ce: 'yata kada ki yi kuka ina nan.

Ta kira. Aka ɗauka tun ƙarar farko.

"Nese! Yau dai kin tuna da uwarki." Ana jin kaji a bayanta, da iskar teku. "Ya iso?"

"Me, Inna?"

"Saƙon mana. Na ga abin da suka yi miki. Ban fita saƙa ba tun ranar. Na kira ki ba ki ɗauka, na ce kunya ce, ƙyale ta. Sai ga ki kin fito kina neman taimako. Na ce to, abin da ba ta iya faɗa min a waya ba ke nan."

Akenese ta zame ta zauna a ƙasa.

"Aladun duka na sayar. Da babbar tabarmar, wadda na ajiye a lulluɓe ni da ita. Me gawa za ta yi da tabarma 'yarta na durƙushe a ciyawar mutane? Na hau bas zuwa Apia da kaina. Matar da ke shagon tura kuɗi ta so ta hana ni, wai in bincika. Na ce mata ke, kin san wace ce wannan? Ita ce ake tambaya. In Akenese ta saki abu, ba a tambaya ta biyu."

"Inna."

"Kin rubuto jiya cewa saura kaɗan. Kada ki damu. Na yi magana da mai sayen saniyar, gobe zai zo."

Akenese ta dubi ƙofar falo. Ana raba sabuwar karta. Ta so ta ce ya iso, ta bar tsohuwar da farin cikinta ko na yini ɗaya. Amma akwai saniyar, bayan saniyar akwai gonar gwaza, kuma waɗanda ke rubuto wa Malaea ba za su gaji ba.

"Inna, ki saurare ni. Ba ni ba ce. Ban rubuto miki komai ba. Kuɗin bai zo wurina ba, ba zai zo ba."

Kajin suka ci gaba da kuka.

"Amma fuskarki ce."

"Fuskata ce. Kada ki sayar da saniyar. Kada ki sake tura komai. Duk abin da ya fito a wayar nan da sunana, kada ki yarda. Ko kin ga fuskata. Ko kin ji muryata."

Da Malaea ta sake yin magana, muryarta ta ƙanƙance, kuma da taka-tsantsan take fitowa, irin wadda ake yi wa baƙo a ƙofa.

"Ko ke ce?"

"Ko ni ce."

"To yanzu," in ji tsohuwar a hankali, "wa nake magana da ita?"

Akenese ba ta sami abin da za ta ba ta shaida da shi ba wanda ba ya cikin shafin. Tana cikin nema layin ya katse.

"Suga!" Fialupe ta ƙwala kira daga falo. "Tunda kin dawo da wuri, ɗora mana ruwan shayi."